Amsoshin Tambayoyinku: Wane Atisaye Ne Ke Ƙara wa Mai Gudun Nesa Sauri?

TAMBAYA: Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina zaune a Jekadafari cikin garin Gombe. Kusan shekara guda ke nan ina fita gudu bayan sallar asuba, kwana biyar ko shida a mako. Ina cinye kilomita 10 cikin minti 50, amma yau wata huɗu ke nan lokacin ya tsaya cak, alhali kullum sai na ƙure ƙarfina, da ƙyar nake kai kaina gida. Burina in sauko minti 45, in Allah Ya nufa wata rana in shiga tseren Okpekpe ko gudun fanfalaki na Legas. Abokaina sun ce in riƙa zuwa fili muna tsere zagaye-zagaye har sai mutum ya faɗi. Don Allah wane atisayen sauri ka fi so, kuma yaya zan yi shi ni da ba ni da koci?

AMSA: Allah Ya ƙara lafiya, Ya cika maka burinka. Saurayin da ya shekara yana barin shimfiɗarsa da asuba ba don wani ya sa shi ba ya riga ya mallaki abin da ya fi wuyar samu a wannan harka, saura kuwa gyaran tsari ne.

Rabin amsarka na cikin wasiƙarka, a inda ka ce kullum sai ka ƙure ƙarfinka. Nan matsalar take. Gudun da kake yi kowace safiya ya yi tsananin da jiki ba ya samun murmurewa kafin wayewar gari, kuma bai kai saurin da zai koya wa ƙafa wani sabon abu ba. Kana shan wahalar mai atisayen sauri, ba ka cin ribarsa. Na san maganar da samari ke yi, wai sai an sha wuya akan sha daɗi. Gaskiya ce, amma a gudun nesa wuyar tana da ranakunta, kuma ba su wuce biyu a mako.

Saboda haka kafin in ambaci atisaye ko ɗaya, ga sharaɗina. A cikin kwanakinka biyar, uku su zama na sassarfa, irin wadda za ka iya yin hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya katse maka magana ba. A matakinka wannan na nufin kilomita ɗaya cikin minti 6 zuwa 6 da rabi. Za ka ji kamar wasa kake yi, wataƙila ma ka ji kunyar masu wucewa. Ka daure. Stephen Seiler, masanin kimiyyar wasanni da ya daɗe yana nazarin yadda manyan 'yan wasan juriya ke horo, ya lura cewa kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu mai sauƙi ne. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna ranar 12 ga Oktoban 2019, shi da abokan horonsa a sansanin Kaptagat sukan fara gudunsu mai sauƙi da sassarfar da kai ma za ka iya bin su. In mai wannan matsayi bai ji kunyar tafiya a hankali ba, babu dalilin da zai sa ka ji.

To, me ya sa ake yanka gudun sauri gunduwa-gunduwa, ana hutawa a tsakani? Wannan dabara ta samo tsarinta a Jamus cikin shekarun 1930, a hannun wani koci mai suna Woldemar Gerschler, wanda ya yi aiki tare da likitan zuciya Herbert Reindell. Sukan sa ɗan wasa ya yi gajeren gudu har bugun zuciyarsa ya kai wajen 180 a minti, sannan ya sassauta har ya sauko wajen 120, sai ya sake. Ɗalibin Gerschler, Rudolf Harbig, ya kafa tarihin duniya a mita 800 a shekarar 1939 da minti 1 da daƙiƙa 46.6. Hikimar ita ce, in aka ce ka riƙe babban sauri a tafi ɗaya, minti biyar ko shida za ka yi ka tsaya. In aka yanka maka shi da hutu a tsakani, sai ka tara minti ashirin a wannan saurin. A cikin waɗannan mintuna ne zuciya ke koyon tura jini mai yawa a kowane bugu, tsoka kuma ta koyi cin moriyar iskar da jini ke kawo mata. Hutun da ke tsakani yana cikin aikin, kuma ana auna shi da agogo kamar yadda ake auna gudun.

Wannan ne ya sa ban yarda da shawarar abokanka ba. Tsere har mutum ya faɗi gwajin zuciyar maza ne, ba ya gina mai gudu. Za ka ji ana ba da labarin Emil Zatopek, wanda ya lashe mita 5,000 da mita 10,000 da gudun fanfalaki duk a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, cewa yakan maimaita mita 400 sau arba'in ko fiye a rana guda. Haka ne, amma bayan shekaru yana gina jikinsa, kuma ba da iyakar ƙarfinsa yake yin kowane zagaye ba. Wanda ya fi dacewa ka duba shi ne Roger Bannister na Ingila. Yana karatun likita, lokacinsa kaɗan ne, don haka yakan fita a hutun rana ya maimaita rubu'in mil, wato kusan mita 400, sau goma, da hutun minti biyu. Ya fara da wajen daƙiƙa 66 a kowane zagaye, ya yi watanni yana ragewa kaɗan-kaɗan har ya kusanci 60. Ranar 6 ga Mayun 1954 a Oxford ya zama mutum na farko da ya yi mil ɗaya ƙasa da minti huɗu. Wannan atisayen ne ya fi riƙewa, ya yi ta maimaita shi da haƙuri.

Yanzu ga abin da ka tambaya. In aka ce in zaɓar wa ɗan Gombe atisayen da zai fara da shi, hawan tudu zan zaɓa, ba tare da wani dogon tunani ba. Allah Ya hore muku abin da mai gudu a Kano ko Maiduguri zai yi ta yawon nema. Garinku a kwari yake zaune, tuddai na kallonsa, duk wanda ya shigo ta hanyar Bauchi ya san gangaren da ke sauke shi cikin gari, ga kuma tsaunin Liji ta gabas. Kusan kowace unguwa akwai layin da ke hawa. Ka nemi wanda hawansa matsakaici ne, wanda za ka iya gudu a kansa da cikakken taku, ba mai tsayin da zai sa ka rarrafe ba, kuma wanda zaizayar ƙasa ba ta farfasa shi ba. In ka samu na burji mai tauri ya fi kwalta sauƙi ga gwiwa.

Ka fara da sassarfar minti goma sha biyar don jiki ya ɗumama. Sannan ka haura da ƙarfi na daƙiƙa 45, ka sa alama da dutse a inda ka tsaya, ka sauko da tafiya ko sassarfa mai laushi har ƙasa. Sau shida a makon farko, ka ƙara ɗaya kowane mako har ka kai goma. Dutsen nan shi ne alƙalinka: hawa na ƙarshe ya kamata ya kai inda na farko ya kai. In tun a na huɗu ka fara gazawa, to ka fara da zafin da ya wuce kima, mako mai zuwa sai ka rage. Ka ɗaga kai, ido na kallon gaba, hannuwa na aiki, taku gajere mai sauri, kada ka duƙa daga ƙugu.

Dalilan da suka sa nake fifita tudu ga mai farawa uku ne, kuma na ukun ya fi muhimmanci a wurina. Yana ƙarfafa cinya da sha-raɓa ba tare da ka shiga ɗakin ɗaga ƙarfe ba. Yana gyara taku da kansa, don ba ya yiwuwa mutum ya riƙa jefa ƙafa can gaba yana dira a kan diddige alhali yana hawa. Sannan yana kare saurayi daga zafin kansa: komai ɗokinka, tudu ba zai bar ka ka kai saurin da ke tsinka tsokar bayan cinya ba, kuma dirar ƙafa a hawa ta fi sauƙi a kan ta fili. Arthur Lydiard na ƙasar Niyu Zilan ya sa makonnin tudu a tsakanin dogon gudu da atisayen fili, kuma ɗalibansa biyu, Peter Snell da Murray Halberg, sun ci zinare a rana ɗaya a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, ɗaya a mita 800, ɗaya a mita 5,000.

Atisaye na biyu shi ne wanda ake kira fatlek, wanda Gösta Holmér ya ƙirƙiro a Suwidin cikin shekarun 1930. Ba ya buƙatar fili ko ma'auni, agogo kawai. A garin Iten na Kenya, ranar Alhamis da safe, masu gudu kan taru da yawa a hanyar ƙasa su yi shi tare, kuma sanannen salonsu shi ne minti ɗaya da ƙarfi, minti ɗaya a hankali. Kai ka fara da sau goma, a kai a kai ka kai goma sha biyar. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a mayar da mintin ƙarfi gudun ceton rai, sai mintin hutu ya koma tsayuwa da dafa gwiwa. In ba ka iya sassarfa a mintin hutu ba, ka yi saurin da ya fi ƙarfinka. Wannan atisaye shi zai cece ka ranar da aka rufe fili ko ka yi tafiya ƙauye.

Amma wanda zai sauko maka da lokacin kilomita 10 kai tsaye, wanda kuma na fi so a duk cikinsu in jiki ya riga ya ginu, shi ne maimaita mita 1,000. A nan filin wasa na Pantami zai yi maka amfani in ka samu izinin shiga. Cikakken zagayen fili a layin ciki mita 400 ne, don haka zagaye biyu da rabi shi ne mita 1,000. In babu hali, ka auna kilomita ɗaya da wayarka a miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ka sa alama a farko da ƙarshe, ka riƙe wannan wurin kullum.

Ga lissafin. Mai yin kilomita 10 a minti 50 yana cin kowace kilomita a minti 5. Mai son 45 sai ya ci ta a minti 4 da daƙiƙa 30. Kada ka fara da saurin da kake buri, ka fara da ɗan abin da ya ɗara wanda kake da shi yau. Wato mita 1,000 sau huɗu, kowanne a minti 4 da daƙiƙa 45 zuwa 50, da sassarfar minti biyu a tsakani. Bayan mako biyu ka mayar da shi sau biyar, sannan shida. Sai ka iya shida cif, duk a lokaci kusan ɗaya, kafin ka taɓa saurin, kuma in za ka taɓa, daƙiƙa biyar kawai za ka rage. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda: ko yawa, ko sauri, ko gajarta hutu.

Abin da ya sa nake ƙaunar wannan atisaye shi ne ba ya yi wa mutum ƙarya. Kusan kowane saurayi mai lafiya zai iya yaudarar kansa a zagaye ɗaya, ya tashi da ƙarfin ƙuruciya ya ƙare kafin haki ya kama shi. Mita 1,000 kuwa ta yi tsawon da dole ka koyi rabon ƙarfi, kuma rabon ƙarfi shi ne ilimin tseren nesa gaba ɗaya. A zagaye biyu da rabin nan za ka san yadda saurin tsere yake a ƙirjinka da ƙafarka, har ya kai ko ba agogo ka san inda kake. Ma'aunin da nake bayarwa kullum shi ne ka tashi daga fili kana jin da an ce ka ƙara ɗaya za ka iya. Wannan ɗayan da ka bari shi zai dawo da kai atisaye na gaba da ƙafa mai rai.

Mita 400 fa? Yana da wurinsa, musamman makonni kaɗan kafin tsere: sau takwas zuwa goma, kowanne a minti 1 da daƙiƙa 48 zuwa 52, da sassarfar rabin zagaye. Sai dai shi ne wanda abokai suka fi ɓatawa, don da zarar mutum uku sun jeru a layi sai ya koma gasa. In za ku yi tare, ku riƙa karɓa-karɓar jagoranci, kuma a yi yarjejeniya ba mai wuce na gaba.

Akwai wani guda da bai yi kama da atisayen sauri ba amma kada ka raina shi. Gudu ne na minti 20 a tafi ɗaya, a saurin da za ka iya riƙewa na kusan awa guda in tsere ake yi, a wurinka wajen minti 5 da daƙiƙa 10 kowace kilomita. Alamarsa ita ce za ka iya furta kalma uku ko huɗu, amma hira ta gagara. A wannan gaɓar ne jiki ke koyon kwashe abin da ke taruwa a tsoka ya sa ƙafa nauyi. Sannan sau biyu a mako, bayan sassarfarka, ka saki ƙafa na daƙiƙa 15 zuwa 20 sau huɗu ko shida, da sauri amma jiki a sake, kana hutawa sosai a tsakani. Wannan ba ya gajiyarwa, yana dai hana taku yin nauyi.

Kada ka kwashe waɗannan duka ka cusa a mako guda. Talata rana ce ta aiki, Juma'a ma haka, Lahadi kuma dogon gudu a hankali, kilomita 14 zuwa 16. Sauran kwanaki sassarfa ko hutu, kuma aƙalla kwana ɗaya kada ka sa takalmin gudu sam. Mako huɗu na farko ka yi tudu ran Talata, fatlek ran Juma'a. Mako huɗu na biyu mita 1,000 ta karɓi Talata, gudun minti 20 ya karɓi Juma'a. Kowane mako na huɗu ka rage komai da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka dubi magini mai aikin katangar ƙasa: yakan ɗora sahu ya tafi ya bar shi ya sha iska, don in ya ɗora wani a kan ɗanye katangar za ta zauna. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da sabon aiki, amma ƙashi da agara suna ɗaukar watanni, shi ya sa ciwon ƙwauri ke kama mutum daidai lokacin da ya fara jin daɗin kansa.

Lokutan shekara ma suna da hukuncinsu a Gombe. A watannin Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40 da rana, don haka atisayen sauri sai dai da sanyin asuba, ka gama kafin rana ta ɗaga, kuma ka yarda lokacinka zai ɗan ja baya, laifin zafi ne. Ka sha ruwa tun daren jiya, in zufa ta yi yawa ka haɗa da ruwan gishiri da sukari. Da hunturu sanyin yana taimakawa, amma ranar da hazo ya rufe gari ka ɗage aikin, don mai gudun sauri yana zuƙar iska ninkin-ba-ninkin ta mai tafiya, da ƙurar da ke cikinta. A watan azumi ka rage zuwa atisaye ɗaya a mako, ka yi shi da dare bayan ka sha ruwa abinci ya faɗa, a wuri mai haske. Ban yarda da gudun sauri da yamma ga mai azumi a zafin nan namu ba.

Ga abin da ba na so ka tsallake. In zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai, kada ka koma gudun sauri sai ka gama magani ka kuma yi kwanaki kana sassarfa lafiya. Ka san rukunin jininka. Masu AS da yawa suna wasanni lafiya lau, amma an san cewa ƙure ƙarfi cikin zafi da ƙishirwa na iya zame musu haɗari, don haka in kana cikinsu ka ninka kiyayewa da hutu da shan ruwa. Ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciya da ya rikice ba abin daurewa ba ne: ka tsaya nan take, ka je likita ya duba ka, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya nan cikin gari. A kan titi kuma ka riƙa fuskantar abin hawa, ka sa riga mai haske, don mai Keke Napep da asuba ba lallai ya hango ka ba. Takalmi ko na gwanjo ne ba laifi, muddin ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba kuma yatsu suna da sarari.

Za ka ji masu cewa ba a yin mai gudun nesa sai a kan tsauni. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Iten na kan tudun da ya kai wajen mita 2,400 daga teku, Jos na wajen 1,200, kuma 'yan Filato ne suka fi yawa a cikin 'yan Najeriya da ke zuwa gaba a gudun Legas, wanda aka fara a 2016, da na kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, wanda aka fara a 2013. Amma wannan zance ne na masu neman daƙiƙun ƙarshe a saman duniya. Tsakanin minti 50 da 45 babu ruwan tsauni, tsari ne da barci da abinci. Kuma ƙasar nan ta taɓa fitar da gwani: Abbas Mohammed ya wakilci Najeriya a gudun fanfalaki na Olamfik a Koriya ta Kudu a 1988, ya kuma kafa tarihin ƙasa a 1990 da awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6. Abin da ke damuna shi ne yawan samari irinka a Gombe da Kaltungo da Billiri da ke gudu kowace safiya ba mai riƙe musu agogo. Ina roƙon malaman motsa jiki na makarantunmu da masu kula da filayen wasa su buɗe musu ƙofa da asuba, ko sau biyu ne a mako.

Ba zan yi maka alkawarin minti 45 cikin wata biyu ba. Minti biyar a kilomita 10 tazara ce babba, tana iya cin wata shida ko shekara. Abin da nake sa rai a zagayen farko shi ne minti ɗaya ko biyu, kuma ka daina komawa gida a galabaice. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta abin da ka yi kowace rana, da lokacin kowane zagaye, da yadda ka kwana. In mako takwas sun cika, ka huta kwana biyu, ka koma hanyar da ka saba auna kilomita 10 ɗinka, a irin lokacin da ka saba, ka fara kilomita biyu na farko a minti 5 daidai, sannan ka saki ƙafa. Ka rubuto mini abin da agogo ya nuna, daga nan sai mu tsara zango na gaba. Allah Ya ba da sa'a.